Edward Woodward, Baturen Da Ya Fito Mai Kanti A Toro

An haifi Edward Woodward a Croydon, kudu da birnin Landan, ran 1 ga Yuni 1930. Iyayensa talakawa ne masu cin guminsu. Yana da shekara 16 ya shiga babbar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Landan, sa'an nan ya yi shekaru yana bin gidajen wasa gari gari, kamar yadda ɗan koli ke bin kasuwanni.

Sai a 1967 sunansa ya ɗaukaka, sa'ad da ya fito a talabijin cikin wasan Callan, watau labarin wani ɗan leƙen asiri da hukuma ke aikawa ya kashe mutane, shi kuwa ransa bai natsu da aikin ba. Daga 1985 zuwa 1989 ya yi The Equalizer a Amurka, inda ya zama mai ƙwato wa raunana hakkinsu. Ana cikin wannan aiki ciwon zuciya ya kwantar da shi a 1987, amma da ya sami sauƙi ya koma.

To, abin da ya haɗa shi da ƙasar nan shi ne fim ɗin Mister Johnson na 1990, wanda aka ɗauka a Toro, cikin ƙasar Bauchi. An ciro labarin daga littafin Joyce Cary na 1939, wani Bature da ya yi aikin mulki a Borgu. Woodward ya fito a matsayin Gollup, tsohon saje wanda ya buɗe kanti a wani gari na Arewa: mashayi, mai saurin hannu, mai raina baƙar fata. Ya ɗauki wani akawu mai suna Johnson aiki, yau ya ja shi a jiki su yi hira, gobe ya doke shi. Daga bisani Johnson ya shiga kantin da dare don ya saci kuɗi, Gollup ya rutsa shi, Johnson ya soke shi ya mutu, aka yanke masa hukuncin kisa.

Mutumin da jama'a suka saba gani yana tsaya wa wanda aka zalunta, ga shi ya yarda ya ɗauki siffar azzalumi daga cikin mutanensa, bai kuwa rage mata muni ba. Attajiri ya duba Gollup ya ga yadda wulakanta yaron kanti ke ƙarewa, yaron kanti ya duba Johnson ya ga inda cin amana ke kai mutum.

Woodward bai bar sana'arsa ba har shekarar rasuwarsa. Ya rasu a Truro ran 16 ga Nuwamba 2009, yana da shekara 79.