"Baƙar Juma'a": Yadda Sunan Wata Ranar Ciniki Ya Sauya Ma'ana a Amurka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin sunan da mutanen Amurka suka laƙaba wa ranar da ake buɗe cinikin Kirsimeti da ita, watau Black Friday, wadda masu fassara suka saba juyawa da "Baƙar Juma'a". Za a yi ƙoƙarin nuna cewa sunan ya fito ne daga bakin waɗanda ke shan wahalar ranar, daga baya masu cin ribarta suka karɓe shi, suka ba shi sabuwar ma'ana.

2.0 Matsayin Ranar

Wannan Juma'a ita ce kashegarin Ranar Godiya, hutun da iyalai kan taru su ci abinci tare. Tun 1863 al'ada ta tsaya a kan Alhamis ta ƙarshe a watan Nuwamba. To, a 1939 sai wannan Alhamis ta faɗo ran 30 ga wata, masu kantuna suka koka cewa kwanakin ciniki kafin Kirsimeti sun yi kaɗan. Shugaba Franklin Roosevelt ya saurare su, ya jawo hutun baya da mako guda. Wasu jihohi suka bi, wasu suka ƙi, har sai da majalisar dokoki ta tsayar da Alhamis ta huɗu a 1941. Ke nan tun kafin a raɗa wa Juma'ar suna, ciniki ya riga ya yi ƙarfin da zai gusar da ranar hutun ƙasa.

3.0 Asalin Sunan

A Ingilishi an saba jingina baƙi ga ranar masifa. Alal misali, an kira 24 ga Satumba, 1869 da Baƙar Juma'a, saboda rushewar kasuwar zinariya a New York. Amma sunan da muke magana a kansa ya yi ƙarfi ne a birnin Filadelfiya a farkon shekarun 1960. A ranar, jama'a kan kwararo cikin gari daga ƙauyuka da unguwannin waje don sayayya, ga kuma baƙin da ke zuwa kallon wasan da akan yi ran Asabar tsakanin makarantar sojan ƙasa da ta sojan ruwa. 'Yan sandan kula da hanya ba su samun hutu, sai ma ƙarin sa'o'in aiki cikin cunkoson motoci da mutane. Su ne suka riƙa kiran ranar baƙa, kuma ba yabo suke nufi ba.

Masu kantuna ba su ji daɗin sunan ba. Sun nemi a maye gurbinsa da "Babbar Juma'a", amma jama'a ba su karɓa ba. Da canja sunan ya faskara, sai aka canja bayaninsa. Daga farkon shekarun 1980 aka shiga yaɗa cewa a littafin lissafin kuɗi akan rubuta hasara da jar tawada, riba kuwa da baƙa, don haka wannan ce ranar da kanti ke fita daga ja ya shiga baƙi. Al'adar tawadar gaskiya ce, sai dai bayanin ƙane ne ga sunan, ba ubansa ba. Irin wannan shi ne asalin da jama'a kan ƙaga wa kalma bayan an manta da na ainihi, ko kuma an so a manta.

4.0 Mai Saye da Mai Aiki

Dabarar ranar ba ta da wuyar ganewa. Kanti kan karya farashin kaya ƙalilan, kamar talabijin, ya kuma sanar cewa ba su da yawa. Kowa sai ya yi sammako don kada a riga shi, in ya shiga kuwa da wuya ya fita da abin da ya zo nema kaɗai. Mai saye ya zo ne da son ransa, amma wanda ke jera kaya ko karɓar kuɗi ba shi da zaɓi, kuma da yawansu ma'aikatan wucin gadi ne da akan sallama bayan sabuwar shekara.

Ran 28 ga Nuwamba, 2008, a wani kantin Walmart da ke Valley Stream a jihar New York, jama'a kimanin 2,000 suka ɓalle ƙofa da asuba, suka tattake wani ma'aikacin wucin gadi har ya mutu. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ci kamfanin tarar dala 7,000, kamfanin kuwa ya yi ta jayayya a kai har 2015. Bugu da ƙari, lokacin buɗe kantuna ya yi ta matsowa: a 2011 manyan kantuna da dama sun buɗe da tsakar dare, a 2012 kuwa Walmart ya fara rangwamen tun ƙarfe 8 na daren Ranar Godiya, watau ma'aikaci ya bar iyalinsa a kan abinci. Sai a 2020, lokacin annobar korona, manyan kantuna suka koma rufewa a ranar hutun.

Komawar ciniki kan intanet ta rage turmutsitsi a ƙofar kanti, amma ba ta rage aikin ba. Ta dai mayar da shi manyan ɗakunan ajiya da motocin kai kaya, inda mai saye ba ya gani. Shi ya sa tun 2020 ma'aikatan Amazon a ƙasashe daban-daban kan zaɓi wannan rana su yi yajin aiki ko zanga-zanga. Abin dai ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

5.0 Matsalar Fassara

Da sunan ya ƙetare teku sai ya ci karo da wasu al'adu. A 2014 kamfanin Souq na Dubai ya mayar da shi "Farar Juma'a", saboda darajar ranar a wurin Musulmi. A Nijeriya kuwa kamfanoni irin su Jumia sun shigo da shi yadda yake. A nan ne mai fassara zuwa Hausa ke shiga tsaka mai wuya. Bahaushe na yi wa Juma'a kirari da babbar rana, baƙi kuwa a wurinsa na tafiya ne da baƙin ciki, baƙin jini, baƙar magana da baƙar wahala. Ba shi da al'adar da baƙi ke nufin riba. Saboda haka wanda ya ji "Baƙar Juma'a" a rediyo zai zaci wani bala'i ne ya auku, ba ragin farashi ba.

6.0 Kammalawa

A ganinmu, inda ake sanarwar ciniki, "Juma'ar Rangwame" ta fi isar da saƙo, ba ta kuma taɓa mutuncin ranar. Amma inda ake nazarin tarihi ya kamata a bar "Baƙar Juma'a" tare da bayani, domin fassarar kalma da kalma, duk da rauninta, ta dawo da ma'anar da 'yan sandan Filadelfiya suka nufa tun farko. Ya dace malamin fassara ya nuna wa ɗalibansa cewa kafin a juya suna, sai an tambaya wa ya raɗa shi, wa kuma ya sake masa bayani.