Kafin a aika magani, a fara sanin inda mutane suke

Duk hukumar da ke son raba gidan sauro, ko gina asibitin sha-ka-tafi, ko tura ungozoma wani ƙauye, sai ta fara amsa tambayoyi uku: mutum nawa ne a wurin, a ina suke zaune, kuma me ke damunsu. Wannan shi ne aikin tantance buƙatun lafiyar al'umma, kuma a kansa ake gina kasafi. A Najeriya ko tambayar farko ba ta da amsa tabbatacciya, domin rabon da a yi ƙidayar jama'a tun 2006. Alƙaluman da ake aiki da su hasashe ne da ake ɗorawa a kan wancan tsohon lissafi. Shi ya sa wani lokaci rahoto kan nuna cewa an yi wa fiye da kashi 100 cikin 100 na yaran wata ƙaramar hukuma rigakafi, alhali ƙyanda ba ta daina ɓarna a can ba. Fasahar zamani za ta iya gyara wannan, kuma hujjar tana nan a ƙasarmu, muddin aka yi amfani da ita wajen gano waɗanda takarda ta manta da su.

Yaƙi da cutar shan inna ne ya fara nuna haka. Shekara da shekaru masu ɗigon rigakafi suna fita da taswirar da aka zana da hannu, wadda sau da yawa ba ta ɗauke da rugage da ƙananan ƙauyukan da ke kan iyakar mazaɓu biyu, inda kowane ɓangare ke zaton na ɗayan ne. Daga wajajen 2012 aka soma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam a jihohin Arewa, ciki har da Kano, ana fitar da kowane matsuguni, sannan a tura mutane su tabbatar da sunansa a wurin mazauna. An kuma riƙa bai wa tawagogin rigakafi wayoyin da ke adana sawunsu, yadda idan sun dawo za a ɗora hanyar da suka bi a kan taswira a ga inda ba su taka ba. Ba wannan kaɗai ya kawo nasara ba, sarakuna da malamai da mata masu wayar da kai sun yi babban aiki, amma shi ya tona inda giɓin yake. An ga nau'in cutar na asali, wanda ake kira na daji, a karo na ƙarshe a Borno a 2016, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da wannan nau'in. Aikin taswirar bai tsaya ba, ya ci gaba a ƙarƙashin wani shiri mai suna GRID3.

Sai dai sanin inda mutane suke bai kai sanin abin da ke damunsu ba. Najeriya na tara bayanan asibitoci a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙirƙiro, kuma ci gaba ne a kan tulin rajistar da a da ke shan ƙura. Amma manhajar ba ta ganin kowa sai wanda ya zo asibiti. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a cibiyar lafiya, wato yawancin mata da jarirai ba sa shiga wannan lissafi a lokacin da suka fi fuskantar haɗari. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa darasi. Gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma sai da ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa ta lura da yawan mace-macen sannan duniya ta sani. Da akwai hanyar da mai unguwa ko ma'aikaciyar lafiya za su aika adadin yaran da suka rasu ta waya kowane mako, da alama an farga da wuri. Don haka dole a fita gida-gida da tambayoyi a cikin waya, ta manhajoji irin su ODK da KoboToolbox, waɗanda ke aiki ko babu intanet su aika bayanan daga baya.

Akwai masu cewa asibitin da ba shi da magani ba waya yake buƙata ba. Damuwarsu tana da tushe, amma ƙarancin kuɗi shi ne ma dalilin da ya sa bai kamata a raba su a makance ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma wannan kuɗi zai fi amfani idan an san mazaɓar da zazzaɓin cizon sauro ya fi addaba da wadda tamowa ce matsalarta. Wasu kuma na cewa ana iya cika ƙarya a waya kamar yadda ake cika ta a takarda. Gaskiya ne, sai dai waya tana rubuta lokaci da wuri, don haka wanda ya zauna a gindin bishiya ya cike amsoshin gida hamsin ya fi saurin tonuwa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na amana. Jama'ar da suka ga an dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 saboda zargi sun san cewa baƙo da na'ura a hannu ba ya buɗe ƙofa. Ga kuma fargabar cewa taswirar ƙauyuka na iya faɗawa hannun miyagu a yankunan da ba tsaro. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba da madogara, amma aiwatarwa ce za ta kwantar da hankali: a nemi izini da harshen da mutum ke ji, a cire sunaye kafin a raba bayanai, kuma mata 'yan garin su shiga gidaje su tambayi 'yan'uwansu mata. Idan aka dogara da kiran waya kaɗai, muryar maigida za a fi ji, domin shi ya fi riƙe wayar.

Abin da ya rage shi ne bayanan su dawo inda aka ɗebo su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kwamitocin raya mazaɓu, da dagatai da masu unguwanni, su ne za su iya cewa wannan adadi daidai ne ko an tsallake ruga kaza. Ya kamata hukumomin lafiya na jihohi su riƙa sabunta taswirar kowace mazaɓa duk shekara, su gabatar da sakamakon a gaban kwamitinta, sannan kasafin asibitin wurin ya bi abin da aka gano.