BINDIGA A KAN SIF, GWAL A CIKIN KWALLA

 Na san wata tana ganin kan wannan rubutu za ta taɓe baki ta ce, ita kuma wannan da muka sani da labaran soyayya me ya kai ta zancen bindiga? Ki yi haƙuri ki biyo ni, domin kuwa ni ma ba da son raina na shiga maganar ba, tsoro ne ya jefa ni, kuma har yau in na tuna sai na ji gwiwoyina sun yi sanyi.

Ranar sunan 'yar Yayata ta uku ne. Gida ya cika ya batse, mata ta ko'ina, ga hayaƙin girki, ga yara suna ta guje-guje babu mai lura da su. Wajen la'asar tabarmi suka yi kaɗan, sai Yaya ta ce in shiga ɗakin Alhaji, wato mijinta, in ɗauko darduma. Ina tura ƙofa na yi turus. Babban ɗanta, yaron da bai wuce shekara 6 ba, ya jawo kujera ya ɗora filo a kai ya hau, ya sauko da bindigar ubansa daga kan sif. Da yake ta fi ƙarfinsa sai ya ɗora bakinta a gefen gado, ya saita ta daidai ƙofa, abokinsa na tsaye a gefe yana dariya. Yana ganina ya ce, "Anti, ɗaga hannu!" kamar dai yadda yake gani a fim.

Wallahi ban san lokacin da na ɗaga hannun ba. Na rasa ihu zan yi ko gudu. Allah ne ya ba ni dabara na ce, "To soja, na ɗaga, zo ka kama ni." Ya saki bindigar ya rugo ya riƙe min zane yana murna. Na ja su waje na kulle ɗakin, na zauna a bakin ƙofar ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Da dare da Alhaji ya dawo ya karya bindigar a gabanmu, sai ga harsashi ɗaya a ciki. Ashe tun wani dare da aka ji motsin ɓarayi a layinsu ya ɗura shi, gari ya waye ya manta. Ɗan maɓallin da ke hana kunama aiki shi kaɗai ya tsaya tsakanina da kabari. Alhaji mutum ne mai dakiya, amma ranar na ga gumi yana tsiyayo masa. Abin da kawai yake maimaitawa shi ne, "Ai ban taɓa nuna wa yaran inda take ba."

To ai ba a nuna wa yaro. Wace ce a cikinmu ba ta san inda Ummanta take ɓoye madara da sukari ba tun tana 'yar firamare? A Amurka, inda bindiga ta yi yawa a gidaje, an wallafa wani bincike a 2006 da aka tambayi iyaye daban, aka tambayi 'ya'yansu daban. Cikin iyayen da suka ce yaransu ba su san inda bindigar gida take ba, kashi 39 cikin 100 yaran sun ƙaryata su. Kuma a can ɗin dai, a shekarar 2020 harbin bindiga ya wuce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa. Mu ba mu kai su yawan bindiga ba, amma kada ki ce abin ya yi miki nisa. Akwai 'yar mafarauci, akwai matar ɗan banga, akwai wadda za ta auri manomin da 'yan bindiga suka hana barci. A 2022 ma gwamnatin Zamfara da bakinta ta ce wa jama'a su nemi izinin mallakar bindiga su kare kansu. Yau kina aji biyar, gobe an kai ki gidan da ba ki san abin da ke ƙarƙashin gado ba.

Kafin maganar ajiya, akwai maganar doka, kuma ba zan tsallake ta ba. Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta hana kowa riƙe bindiga sai da lasisi. Irin ta Alhaji mai baki biyu, izininta daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, ita kuwa harba-ka-ruga ta mafarauta Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke da iko a kanta. A 2023 rundunar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisi. Dokar nan ta ɗora wa mai lasisi alhakin tsare bindigarsa a kowane lokaci, in ta ɓata ko an sace ya kai rahoto. Wadda babu takarda kuwa, babu akwatin da zai halatta ta, kuma ranar da aka zo bincike ba a tambayar wa ya saya, har matar gida tana iya kwana a bayan kanta.

Umma ce ta yanke hukunci. Ta kira surukin nata ta ce, "Alhaji, ni ba zan hana ka abinka ba, amma 'yata da jikokina ba za su koma kwana da wannan abu a sarari ba. Ko ka sama mata makulli, ko ka fitar da ita." Ya sunkuyar da kai ya ce, "In Allah ya yarda, Hajiya." Da haka aka shiga neman sef. Ki lura, sef na ce, akwatin ƙarfe mai kauri, ba sif ɗin da muke jera atamfofi ba. Ni da abin ya faru a kaina sai na zama 'yar rakiya, kuma ga abin da na koyo.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne ba kowane sef ne ke yin kowane aiki ba. Akwai wanda aka yi domin ɓarawo, akwai wanda aka yi domin gobara. Na gobara za ki gan shi da kauri kamar ginin banki, alhali ƙarfen jikinsa siriri ne, abin da ya cika tsakiya wani farin abu ne dangin alli mai tare zafi, kuma mai guduma da ƙarfen ɓanɓare ƙofa ba zai sha wahalarsa ba. Na ɓarawo kuwa ƙarfe ne zalla, in wuta ta kama shi sai ya zama tanda, takardar da ke ciki ta toye ƙurmus. Wanda ya haɗa biyun yana nan, sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne. Saboda haka tun kafin a fita daga gida a zauna a tambayi kai, me za a saka, kuma wa ake tsoro?

Ita bindiga, wanda ake tsoro na farko ba ɓarawo ba ne, ɗan cikinki ne. Don haka abin da take bukata shi ne doguwar ma'ajiyar ƙarfe da za ta tsaya a ciki a miƙe, ƙofar ba ta lanƙwasuwa in an sa ƙarfi, sakatunta suna shiga jikin ƙarfen sosai. A Ingila, kabad ɗin bindiga da aka yarda da shi kaurin ƙarfensa ba ya gaza milimita 2, kuma 'yan sanda kan zo har gida su duba inda za a ajiye kafin su ba da izini. Mu da muka ga tsadar na kanti, wurin mai walda muka nufa, Alhaji ya tsaya a kansa ya zaɓi ƙarfe mai milimita 3, aka sa hinji ta ciki, aka yi wa kwaɗon rumfar ƙarfe yadda zarto ba zai kai gare shi ba. Ni a ganina wannan ya fi a sayi ɗan kyakkyawan nan mai walƙiya wanda in kika danna ƙofarsa da babban yatsa sai ta lotsa.

Sannan a kafe shi. Wannan kam kada a yi wasa da shi. Sef ɗin da mutum biyu za su iya ɗagawa, in ba a ɗaure shi da noti a jikin kankare ko bangon bulo ba, to kin tara wa ɓarawo kaya wuri guda ne, har da marfi. Ya saɓa ya tafi, ya je ya fasa a natse. A sa shi a lungu, a bayan labule ko cikin sif, inda mai shigowa gaisuwa ba zai gani ba. Mai waldar ma gara wanda aka sani aka yarda da shi, kuma ba sai an yi masa bayanin duk abin da za a zuba ba.

Harsashi ba ya kwana da bindiga. A sauke shi, a duba da ido a tabbatar babu komai a ciki, a kulle shi a wani wuri da makulli daban. Alhaji ya so ya yi gardama a nan, wai in ɓarayi suka zo fa? Yaya ta ce, "Alhaji, shekara 9 muna gidan nan sau nawa suka shigo? Yaran nan kuwa kullum suna ciki." Ya yi shiru. Akwai kuma wani dalilin da ba a cika faɗa ba, amma ni mai rubuta labaran gidan aure ba zan ɓoye shi ba. Zuciya ba ta da ƙashi. Miji kan fusata, kishi kan rufe idon mace, saurayi a gida kan shiga ƙuncin da babu wanda ya lura. Mintunan da za a ɓata ana neman makulli biyu sun isa a yi a'uziyya, sun isa maƙwabci ya shigo.

Ga 'ya'yan mafarauta kuma, albarushi sha'aninsa daban ne. Ba a toshe shi cikin akwatin ƙarfe, domin in wuta ta taɓa shi a rufe ruf, akwatin kansa ne zai tarwatse. Akwatin katako mai makulli ake sa shi, nesa da murhu, nesa da fitila da maganin sauro.

Sai makullin kansa. Akwai na ɗan makulli, akwai na murɗa lamba, akwai na danna lamba mai aiki da batir, akwai ma na dangwala yatsa. Na ƙarshen nan ya burge ni a kanti, sai na tuna yadda JAMB ta sha gargaɗin ɗalibai mata su guji ƙunshi kafin rajista saboda na'urar kan ƙi karɓar yatsan da ya sha lalle. Ki duba amarya da jan lalle har wuyan hannu tana tsaye gaban gwal ɗinta ya ƙi buɗewa! Mai batir kuma a tabbatar yana da makullin ko-ta-kwana, kuma kada a yi wautar kulle shi a cikin sef ɗin. In lamba ce, ban da shekarar haihuwa, ban da ƙarshen lambar waya, kuma ban da dannawa a gaban yaro. Yaron da ya haddace lambar buɗe wayarki daga kallo ɗaya, wannan ba za ta gagare shi ba.

To mu dawo kan namu, mu mata. Ana cikin wannan hidima na tambayi Yaya ina take ajiye sarƙa da 'yan kunnen gwal na lefenta. Ta yi ƙasa da murya kamar mai faɗin sirrin duniya ta ce cikin kwalla ta uku, an naɗe a ɗankwali. Na yi dariya har da hawaye. Kwalla, ƙarƙashin katifa, gwangwanin madara, ƙasan akwatin lefe, ai nan ne wurin da duk mai dogon hannu yake fara dubawa, kuma sau da yawa ba daga waje yake haurowa ba, cikin 'yan biki yake. Gwal ɗin nan kuwa ba ado ne kawai ba. Shi ne abin da mace ke sayarwa ranar da ciwo ya zo, ko kuɗin makaranta ya gagara, ko aure ya mutu.

Alhaji ya ce a haɗa da nata cikin ma'ajiyar bindigar, a huta. Ni na ce a'a, kuma har yanzu ina kan bakana. In gwal yana tare da bindiga, duk ranar biki sai an buɗe, ana sauri, yara na tsaye, wata rana sai an bar ta a buɗe. Ban da haka, dukiyar mace tata ce, bai kamata sai ta jira miji ya dawo daga tafiya kafin ta taɓa abinta ba. Ƙaramin sef mai jure wuta aka saya mata. Gwal ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1064, amma takarda tana fara ƙonewa ne tun wajen digiri 230, shi ya sa sef ɗin gobara na kirki ake gwada shi a tabbatar cikinsa bai wuce digiri 177 ba. A jikinsa za ki ga an rubuta tsawon lokacin da zai jure, minti 30 ko awa 1. Wanda babu wannan shaida a jikinsa, maganar mai kanti ce kawai.

Ku 'yan makaranta, a nan ne naku ya shigo. Takardar haihuwa, sakamakon WAEC da NECO, takardar fili, rasiɗin gwal, duk wurinsu ke nan. A sa su cikin leda mai toshewa, domin yawancin waɗannan akwatuna ba sa hana ruwa shiga, kuma wanda ya ga abin da ambaliyar Maiduguri ta yi a Satumbar 2024 ya san ruwa ma ɓarna gare shi. Da damina kuma cikin sef yana yin gumi, takarda ta yi fumfuna, bindiga ta yi tsatsa. 'Yan ƙullin farin tsakin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi suna shanye laima, a tara su a zuba, a riƙa buɗewa lokaci-lokaci iska ta shiga.

Yanzu makullin bindiga yana jikin Alhaji duk inda za shi, na harsashi yana wani wurin da ni kaina ba a gaya min ba, na gwal kuwa Yaya ta zura shi a igiya ta rataya a wuya. Shi kuma sojan nawa, ubansa ya zaunar da shi ya yi masa bayani cewa in ya ga bindiga a ko'ina, ko a gidan wa, kada ya taɓa, ya fita ya kira babba. Rannan da na je gidan ya ja ni gefe ya raɗa min a kunne, wai ya san inda Mama take sa makullinta in za ta shiga wanka.