Awon jini kafin a yi wa mace aikin kansar mahaifa

Idan likita ya tabbatar wata mace daga gidanku tana da kansar mahaifa, ba ya kai ta ɗakin fiɗa nan take. Sai ya fara rubuta mata takardar awon jini. Mutane da dama suna ganin wannan ɓata lokaci ne da kuɗi. Ba haka ba ne. Ga dalili.

Mu fara da bambanta cututtuka biyu. Akwai kansar bakin mahaifa, wadda ta fi yawa a ƙasarmu Nijar. Akwai kuma kansar da ke tsirowa a shimfiɗar cikin mahaifa, ita ce muke magana a kanta. Ta fi kama matan da suka wuce shekara 50, musamman masu ƙiba da masu ciwon sukari da waɗanda ba su taɓa haihuwa ba. Babbar alamarta ita ce zubar jini bayan haila ta ɗauke. Kusan mata 9 cikin 10 masu wannan cuta da zubar jini take fara nuna musu kanta. Maganinta na farko shi ne fiɗa: a cire mahaifa, sau da yawa tare da ƙwayayen haihuwa.

Abu na farko da likita yake dubawa a takardar shi ne ƙarfin jini, wanda ake rubutawa Hb. Ga macen da ba ta da ciki, idan lambar ta kasa 12, akwai ƙarancin jini. Matar da ta yi wata da watanni tana zubar da jini, lambarta tana iya yin ƙasa da haka. Idan ta yi ƙasa ƙwarai, sai a ba ta maganin ƙarin jini, ko a ƙara mata jini, kafin a yi aikin. Shi ya sa ake auna rukunin jininta tun da wuri, kuma ake roƙon dangi su ba da nasu. Ƴan'uwa maza, a nan ne taimakonku yake. Mai lafiya da ya ba da leda guda ta jini, jikinsa zai mayar da ita cikin ƴan makonni.

Ana kuma ƙirga fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta, da ƙananan ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare a bakin rauni. Waɗannan na biyun, a bisa al'ada suna tsakanin 150.000 da 400.000. Ana duba sukari da aikin ƙoda, domin mai sa maganin barci ya san abin da jikin zai iya ɗauka. Wani lokaci a ƙara da awon da ake kira CA-125, wanda iyakarsa ta al'ada 35 ce.

To, me waɗannan lambobi suke faɗa a kan makomar marar lafiya? Likitoci a ƙasashe da dama sun lura da abu guda. Matan da suka zo da ƙarancin jini, ko ƙwayoyin daskarewa masu yawa fiye da kima, ko CA-125 da ya hau sama, an fi samun cutar ta yi nisa a jikinsu. Wannan ishara ce ga mai fiɗa: ya shirya sosai, ya bincika ko cutar ta fita daga mahaifa. Amma ishara ba hukunci ba ce. A Maraɗi da Damagaram da Tawa, ƙarancin jini yana da dalilai da yawa: zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, ƙarancin abinci mai gina jini, amosanin jini. Shi ma CA-125 yana iya hawa saboda ƙari marar haɗari ko kumburi a ciki. A ganina, babban kuskure ne a kai takardar wa wani maƙwabci mai ɗan karatun faransanci, ya dubi lamba guda, ya ce an gama. Ku mayar wa likitan da ya rubuta ta, ku roƙe shi ya yi muku bayani da Hausa.

Abin da ya fi nuna makoma shi ne matakin da cutar ta kai, daga 1 zuwa 4, da kuma irin ƙwayoyinta. Wannan ba a saninsa sosai sai bayan aikin, idan an duba naman da aka cire da madubin likita. A Amurka, inda ake bin lissafi da kyau, idan cutar ba ta fita daga mahaifa ba, fiye da mata 9 cikin 10 suna raye bayan shekara 5. Idan ta bazu zuwa nesa, kamar huhu, kimanin 2 ne cikin 10. Ku dubi tazarar da ke tsakani.

Wasu matan fiɗa kaɗai ta ishe su. Wasu kuma ana ƙara musu gashi da haske ko ƙarin ruwan magani. Tun shekarar 2021 ake yin gashi da haske a cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa da ke Yamai. Idan an tura ku can, ku tafi da dukan takardun awo, har na farko, a cikin leda don kada su jiƙe, domin likitan can zai gwada tsofaffin lambobi da sababbi.