Gishiri da Kwanon Silba

Mun sha jin masu sayar da kwanuka a kasuwar Dambatta suna cewa kwanon silba mai sheƙi, wato sitenles, ba ya tsatsa. To, me ya kawo baƙaƙen ɗige-ɗigen da muke gani a gindin wanda ake yawan barin ragowar miya ta kwana a ciki?

Wannan ƙarfe, wanda Harry Brearley ya haɗa a Ingila a 1913, yana ɗauke da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Idan kuromiyam ya haɗu da iska, sai ya yi wa ƙarfen wata siririyar fata da ido ba ya gani. Ita ke tare tsatsa, kuma ko an karce ta, takan warke da kanta.

Gishiri ne maƙiyinta. Sinadarin kuloraid da ke cikinsa yakan huda fatar a wuri ɗaya, kamar yadda ƙwaro ke huda wake a rumbu. Daga sama ƙofar 'yar mitsitsiya ce, amma ramin yana ta zurfi, har wata rana kwanon da aka saya wa amarya da tsada ya soma yoyo. Ruwan rijiya mai zartsi ma haka yake yi.

A juye ragowar miya, a wanke kwanon, a ɗauraye, a kife shi ya bushe.