Idan Bashe Ta Ƙi Shiga Giya

Ɗan uwa manomi, ko kana da mota ko ba ka da ita, wannan magana ta shafe ka. Ranar kasuwa ce. Ka ɗora buhunan albasarka a bayan tsohuwar bashe, kun kama hanyar Galmi. A tsakiyar yashi direba ya kai hannu ga sandar giya, sai sanda ta yi ta lilo kamar muciya a tukunyar da babu tuwo. Inji na kuka, mota ba ta motsi. Albasa ba ta son zaman rana, masu saye kuma ba za su jira ka ba. Idan motar taka ce, ko ta ƙungiyarku, asarar ta zama biyu, domin abin da za ka fara ji a gareji shi ne: "Sai an sauke akwatin giya."

Kada ka yi saurin yarda. Sau da yawa akwatin lafiya lau yake. Ciwon yana waje, a ƴan ƙarafan da ke kai saƙo daga hannun direba zuwa akwati.

Motar da muke magana a kai ita ce Peugeot 404. An fara ƙera ta a Faransa a 1960, mai buɗaɗɗen baya kuwa, wadda muke kira bashe saboda tamfol ɗinta, ta fito a 1967. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, a ƙasar Kenya kuma aka haɗa 404 ta ƙarshe a 1991. Ka ga ke nan duk wadda ka gani a hanya yau ta haura shekara talatin. Giyarta huɗu ce, da ta baya. Sandar giyar ba a ƙasa take ba, tana maƙale a wuyan sitiyari, ta hannun dama, shi ya sa mutum uku ke zama a gaba babu takura.

Wannan sanda aiki biyu take yi. Idan ka jawo ta wajen ƙirjinka ko ka tura ta gaba, kana zaɓen layi ne. Idan ka ɗaga ta sama ko ka danna ta ƙasa, kana shigar da giya ne. Wani dogon ƙarfe yana bin jikin wuyan sitiyari har ya fita wajen inji. Daga can ƙarafa biyu sirara suke tafiya zuwa akwati: ɗaya na zaɓe, ɗaya na shigarwa. A bakin kowane ƙarfe akwai gaɓa, ƙwallo a cikin ƙoƙo, kamar gaɓar kafaɗar akuya, da ƴar roba a tsakani. Robar nan ita ce ke fara mutuwa. Zafi ya busar da ita, rairayi ya cinye ta, gargadar hanya ta ƙarasa ta. Kowace gaɓa ta yi ɗan sako-sako kaɗan, amma idan aka haɗa na gaɓa huɗu ko biyar, sai hannun direba ya yi tafiyar taƙi guda, a akwati kuwa abin bai kai faɗin yatsa ba.

Kafin ka taɓa komai, ka tabbata ba kuloci ba ne. Ka kashe inji, ka taka kuloci, ka gwada giyoyi ɗaya bayan ɗaya. Idan duka sun shiga sumul, amma da ka tayar da inji sai su riƙa ƙara suna ƙin shiga, to laifin kuloci ne, ka bar ƙarafan nan su huta. Idan kuwa ko da inji a kashe sanda na yawo, ko wata giya ta ɓace maka, sai ka ci gaba.

Ka tsayar da mota a wuri mai tauri, ba kan gangare ba. Ka ja burkin hannu, ka sa duwatsu gaba da bayan taya, ka zare makulli ka sa a aljihu. Abu ɗaya muke roƙonka da babbar murya: kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A ƙasa mai yashi jak yana nutsewa ba sallama. Ka tokare da gungumen icce.

Aikin na mutum biyu ne. Yaron mota ya zauna a gaba yana motsa sanda a hankali, sama da ƙasa, gaba da baya. Kai kuma ka buɗe murfin inji, ka bi ƙarafan da ido da hannu tun daga gindin sitiyari har akwati. Ka ɗora yatsa a kan kowace gaɓa. Inda ƙarfe ɗaya ya motsa amma ɗan uwansa bai bi shi nan take ba, nan ɓarawon yake. Wani lokaci za ka tarar ƙoƙo ya fice daga ƙwallo gaba ɗaya, ƙarfe yana reto. Wani lokaci noti ne ya kwance. Wani lokaci kututture ne ya bugi ƙarfen a hanyar gona ya lanƙwasa shi.

Idan a daji abin ya same ku, akwai dabarar kai wa gari. Ka mayar da ƙoƙo a kan ƙwallo, ka ɗaure shi da waya, ba tamau ba, yadda gaɓar za ta iya juyawa. Idan ya ƙi zama, to da inji a kashe ka kama ɗan hannun da ke jikin akwati ka shigar da giya ta biyu da hannunka. Direba ya taka kuloci ya tayar, ku lallaɓa a haka. Amma waya ta kwana ɗaya ce. Mun san direbobin da ke barin ta har kaka ta zagayo, sai ranar da ta tsinke a kan tudu da cikakken lodi.

Gyaran gaskiya yana son haƙuri. Kafin ka kwance ƙarfe, ka auna tsawonsa da kara, ka karya karan daidai, ka ajiye. Ka ƙirga zaren da ya fito a bayan noti, ka rubuta a takarda. Ga amfanin karatun da ka yi. Ka wanke gaɓoɓi da kananzir, ka goge. Robar da ta mutu ka ɗauke ta a hannu zuwa wurin masu kayan tsofaffin motoci a Maraɗi, Damagaram ko Ƙonni, domin 404 ba iri ɗaya ba ce duka: an sake akwatin giyarta wajen 1967, kayan wata ba lalle su hau wata ba. Ƙwallon da ya cinye har ya zama kamar ƙwai, sabuwar roba ba za ta zauna masa ba, sai an sake shi.

Wajen mayarwa ne mutane ke kuskure. Akwati ya kasance babu giya ko ɗaya a ciki. Sandar direba kuma yaro ya riƙe ta a tsakiya, inda take hutawa. A haka ƙoƙo zai hau ƙwallo da kansa. Idan sai ka ja ko ka tura kafin ya hau, tsawon bai yi ba. Ka sassauta noti, ka juya kan ƙarfen kaɗan, ka sake gwadawa. Alamar kuskuren tsawo ita ce giyoyin sama su shiga da kyau, na ƙasa su shiga rabi su riƙa fita, ko kuma a ga akasin haka. Giyar da ke shiga rabi tana cin haƙoran akwati a ɓoye, nan ne ƙaramin gyara ke zama babba.

Giris kuwa ɗan kaɗan, a cikin ƙoƙo kawai, ka goge na waje. A ƙasarmu giris mai yawa tarkon rairayi ne, idan suka haɗu sai su zama dutsen niƙa.

Tun da kana ƙasa, ka duba robobin da inji da akwati ke zaune a kai. Idan sun tsage, inji yana rawa, yana jan ƙarafan, giya ta riƙa fita da kanta a gargada. Lodi ma yana da hannu a ciki. An yi bashe ne don kayan da ba su wuce tan ɗaya ba, amma wa ke aunawa ranar kasuwa?

Idan ka gama duk wannan, giya ɗaya tak ta ci gaba da ƙara, ko tana fita in an taka mai, ko ka zubar da man akwati ka ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki, to ciwon na ciki ne. Lokacin sauke akwati ya yi. Ka kai wa makaniki wanda ya san Peugeot, ka faɗa masa duk abin da ka riga ka duba, ku yanke kuɗin aiki kafin ya ɗauki sifana, kuma ka ce ya ajiye maka duk ƙarfen da ya cire ka gani da idonka.