Kafin Soro Ya Faɗi

A Turba ta ƙasar Isa, da ƙauyukan Sabon Birni, da wuya damina ta wuce ba ta kā da soraye ba. Mukan ɗora wa ruwa laifi. Amma sau da yawa aibin yana cikin ginin tun farko: tushe ba zurfi, azara marar ƙwari, indararo gajere yana zuba ruwa a gindin bango, ko bulo ya sha yashi da yawa.

A 2010 Gulbin Rima ya yi ambaliya, gidaje masu yawa suka rushe a Jihar Sakkwato. A irin wannan lokaci hukumar NEMA, wadda aka kafa a 1999, takan kawo kwanon rufi da siminti da hatsi. Mun gode. Sai dai taimakon yakan zo bayan bango ya riga ya kwanta, wani lokaci a kan yara masu barci.

Muna roƙon ƙananan hukumomi su taimaka da gyara tun da rani. Mu ma kada mu zauna jira. Maigida, duba tsagar bangonka yau. A kira gayya, a yi yaɓe da makuba, a fara da ɗakin gwauruwa. Ƙaunar maƙwabci ke nan, yadda Ubangiji ya umarce mu.